Mai Ɗaga Hannu, Wa Zai Biya Bashin?

A bakin unguwarmu akwai wani kwazazzabo wanda ya raba mu da makarantar firamare da ɗakin shan magani. Da rani ba mai kula da shi, yara su kan gangara su haye suna wasa. Amma in damina ta yi tsaka, ruwa ya kan kai wa babban mutum ƙirji, sai a tsaya a gaɓa a jira ya janye. Shekara da shekaru abin da mu ke roƙo ke nan, a yi mana kwalbati.

Da zaɓen kansila ya matso, sai wani saurayi ya fito nema. Yawancinmu ba mu san shi sosai ba, gama ya daɗe a birni. Amma akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon hedimasta, wanda rabin magidantan unguwa sun bi ta hannunsa. Ran taro dattijon nan ya kama hannun yaron ya ɗaga sama, ya ce, "Wannan nawa ne. In kun yarda da ni, ku yarda da shi." Yaron kuwa ya yi alkawari a gaban kowa, ya ce damina biyu ba za ta wuce ba sai an yi kwalbatin. Muka zaɓe shi. Damina uku ta wuce, ko buhun siminti ɗaya ba a kawo ba. A cikin ta ukun ne wata mata mai naƙuda ta kwana a gaɓar ruwa cikin amalanke, ana jiran gari ya waye. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma ba don ƙoƙarin kansila ba. Shi a lokacin ya riga ya sauya jam'iyya, ya bi manyansa inda suka nufa, bai kuwa zo ya faɗa mana ko kalma ɗaya ba.

Mutane suka tafi wurin dattijo da kukansu. Ya ce, "'Ya'yana, ni ma ya yaudare ni. Me zan yi?" Waɗansu suka ce da gaskiyarsa, ai ba shi ya riƙe kuɗin ba. Ni kuwa amsar nan ta daɗe tana damuna, ita ce ma dalilin wannan rubutu. Mutumin da ya ɗaga hannun wani a gaban jama'a, sa'an nan wanda aka ɗaga ya saɓa alkawari, ya isa ya ce shi ma an yaudare shi, ya kakkaɓe rigarsa ya koma gida?

Bari mu fara da kasuwa, gama a can ne kakanninmu suka warware irin wannan magana tun da daɗewa. Fataken shanu da su kan kai dabbobi Kudu su sauka a Sabo ta Ibadan ba su san mahautan garin ba, ba su kuwa jin harshensu. Mahauci kuma sau da yawa ba shi da kuɗi a hannu, sai ya yanka ya sayar tukuna. To, yaya baƙo zai ba wanda bai sani ba saniya bashi? Ta wurin mai gida. Falke ya kan sauka a wurin mai gidansa, dillalan mai gidan su nemo mai saye, mai gida ya tsaya lamuni. In mahauci ya biya, shi ke nan, dillali ya karɓi la'adarsa. In ya noƙe, mai gida ba shi da damar cewa shi ma an yaudare shi. Shi zai bi bashin, in ya gagara ya san yadda zai yi ya sallami baƙonsa, in ba haka ba baɗi ba wanda zai sauka a gidansa. Saboda wannan fa mai gida ba ya tsaya wa mutum da ka. Ya kan san mahaucin, ya san bashin da a ke binsa, ya san shanu nawa zai iya ɗauka ba tare da ya durƙushe ba.

Ɗaga hannu a siyasa lamuni ne. Ba kuwa mugun abu ba ne. Ka duba, ya mai karatu, mutum nawa a ke so ka zaɓa: shugaban ƙasa, da sanata, da ɗan majalisar wakilai, da gwamna, da ɗan majalisar jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, da kansila. Mutum bakwai ke nan, kowace kujera kuwa da masu nemanta da yawa. Manomi ba zai bar gonarsa ya bi kowannensu ya binciki halinsa ba. Har ma takardar ƙuri'ar da a kan miƙa maka, ba sunan ɗan takara a cikinta, sai sunan jam'iyya da alamarta. Tilas ne fa mutum ya ari sanin wani. Jam'iyya ta ce ta tantance, dattijo ya ce ya san gidansu, sai mu dangwala. Aibin ba a cikin aron ya ke ba. Aibin shi ne, mai gida na kasuwa yana da abin da zai yi hasara, mai gida na siyasa kuwa mun bar shi ba ya hasarar kome.

Waɗanda suka yi zaɓe a 2015 za su tuna da kalmar nan "sak". Jama'a da yawa a Arewa sun amince da Janar Muhammadu Buhari, aka ce musu su dangwala wa APC daga sama har ƙasa. Haka kuwa aka yi a wurare da yawa. Mutane suka shiga majalisa waɗanda masu zaɓensu ba su san ko fuskarsu ba. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda aka yi nadama. Amma ka ga irin lamunin: mutum ɗaya ya tsaya wa ɗaruruwa, waɗanda ba shi yiwuwa ya san su duka. Ba mai gidan da zai yi haka a kara ya kai ƙarshen shekara.

Yanzu mu juya wajen wanda aka ɗaga hannunsa. Shi bashi uku ke kansa, masu binsa kuwa ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. Akwai ubangidan da ya fito da shi. Akwai jam'iyyar da ta ba shi tuta. Akwai kuma talakawan da suka tsaya cikin rana suka jefa masa ƙuri'a. Muddin ukun nan suna tafiya hanya ɗaya, ba wuya. Wuyar tana zuwa ran da hanya ta rabu.

Ba inda aka ga wannan a fili kamar Kano a Jamhuriya ta Biyu. Malam Aminu Kano ya yi shekaru yana gwagwarmaya, tun daga NEPU wadda aka kafa a 1950, har zuwa PRP mai alamar mabuɗi. A zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa kuma na Kaduna. Ba mai musun cewa darajar Malam ce ta ɗauki nauyi mai yawa a cikin nasarar nan, musamman a Kano. Da hawansu, gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, abin da talakawa suka daɗe suna jin alkawarinsa tun zamanin NEPU. Wannan alkawari ne da aka cika, ya kamata kuwa a riƙa tunawa da shi, domin kada matasa su zaci ba a taɓa cika alkawari a siyasar ƙasar nan ba.

Amma ba a yi nisa ba sai saɓani ya shiga. Gwamnonin biyu suka riƙa zama tare da gwamnonin UPN da na GNPP, shugabannin jam'iyya kuwa suka hana, su kuma suka ƙi bari. A 1980 PRP ta tsage biyu, 'yan Santsi a bayan gwamnoni, 'yan Taɓo a bayan Malam. Kowane ɓangare yana cewa shi ne ya riƙe ainihin manufar jam'iyya, ɗayan ne ya kauce. Hukumar zaɓe ta lokacin ta amince da ɓangaren Malam. Aka tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981, ta hannun majalisar jiha wadda NPN ke da rinjaye a cikinta. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu 1983. Har yau in dattawan Kano biyu suka zauna, ɗaya tsohon ɗan Santsi, ɗaya tsohon ɗan Taɓo, ba za su daidaita a kan wanda ya ci amanar wani ba, ni ma ba zan raba musu wannan gardama a nan ba.

Abin da na ke so a duba shi ne abin da Rimi ya yi a watan Mayu 1983. Da ya ƙudura zai koma NPP ya nemi gwamna a ƙarƙashinta, sai ya sauka daga kujera, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya tafi wurin jama'a da sabuwar tuta, ya roƙi sabuwar ƙuri'a. Jama'a kuwa suka hana shi, suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo na PRP. Mai son rage darajar abin zai ce ai wata biyar kaɗai ya rage masa, kuma lissafin siyasa ne. Na yarda wata biyar ba shekara huɗu ba ce. Duk da haka siffar abin daidai ta ke. Kujerar da aka ba shi da mabuɗi bai ɗauke ta ya kai wani gida ba. Ya ajiye ta, ya koma ya tambayi masu ita, suka ba shi amsar da ba ya so, ya kuwa rasa ta. Wanda ya ari jaki don zuwa kasuwar gabas, in ya sake shawara zai tafi yamma, mutunci shi ne ya komo ya faɗa wa mai jaki.

Ka gwada wannan da abin da ya zama al'ada daga baya. A watan Nuwamba 2013 gwamnoni biyar na PDP suka koma APC, ba wanda ya sauka a cikinsu. A Zamfara, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a watan Mayu 2019 domin jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, sai Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A 2021 ya koma APC ɗin da kujerarsa. A 2023 mutanen Zamfara suka zaɓi Dauda Lawal na PDP. Ban kawo waɗannan don in ce wata jam'iyya ta fi wata tsarki ba, gama kowace jam'iyya ta yi kuka ran da aka bar ta, ta kuma yi kiɗa ran da aka shigo mata.

Doka fa? Tsarin mulki na 1999, a sashe na 68 da na 109, ya ce ɗan majalisa da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya cika zai rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Ta wannan ƙofa ta rabuwa ce da yawa su kan fice, gama ba a rasa wata 'yar rigima da za a nuna. Gwamna da shugaban ƙasa kuwa ba a rubuta musu irin wannan ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce Atiku Abubakar yana nan a matsayin mataimakin shugaban ƙasa ko da ya ke ya bar PDP ya koma AC. A cikin wannan shekara kuma kotun ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas, shi da bai tsaya a babban zaɓe ba, bisa ga cewa shi ne halattaccen ɗan takarar PDP, jam'iyya ce kuwa aka zaɓa. Talaka ya ji hukuncin nan biyu, sai ya rasa gane ko ƙuri'arsa ta mutum ce ko ta jam'iyya. Masana shari'a suna da bayaninsu. Amma mu a nan ba abin da doka ta hana kaɗai mu ke tambaya ba. Akwai abubuwa da yawa da alƙali ba zai ɗaure ka a kansu ba, amma maƙwabcinka ba zai ƙara ba ka aron fartanya ba.

A cikin masu bin bashin nan uku, wa ya kamata a fara biya? A ganina talaka ne, ko da ya ke shi ne ba shi da bakin tambaya. Dalili kuwa, ubangida da jam'iyya ba su da kujerar da za su bayar, hanya kaɗai suka nuna. Kujera ta masu ƙuri'a ce, kuɗin da a ke kashewa a kanta kuma nasu ne. Saboda haka ba kowane saɓa wa ubangida ne butulci ba. In ubangida ya ce a ba shi kwangilar rijiyar da ba za a haƙa ba, yaron da ya ƙi bai ci amana ba, ya riƙe ta ne. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, gaskiya ne, amma ba da askar jama'a ba. Shi ya sa ya wajaba mai neman kujera ya tambayi ladan tun kafin ya karɓa, ya san irin askin da za a nema a wurinsa.

Abin baƙin ciki shi ne, a bakin 'yan siyasarmu kalmar "cin amana" ta koma ta tsakaninsu kaɗai. Abdullahi Umar Ganduje ya yi wa Rabi'u Musa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015. Kwankwaso ya mara masa baya ya gaje shi a 2015, a 2016 kuwa suka ɓata. Shekaru bayan haka gidajen rediyon Kano suna cike da magoya bayan ɓangarorin biyu, kowa yana lissafa abin da gwaninsa ya yi wa ɗayan da abin da aka saka masa da shi. Mai sauraro a ƙauye zai ji an ambaci halacci da butulci sau ɗari kafin ya ji an ambaci alkawarin da aka yi wa ƙauyensu sau ɗaya.

Kada kuwa mu yi rashin adalci ga masu riƙe da kujera. Ba kowane alkawari da bai cika ba ne ƙarya. Wani ya yi niyya da gaske, ya shiga ofis ya tarar kuɗin ba su kai ba, ko kuwa ikon ba a hannunsa ya ke ba. Kansila musamman ƙaramin mutum ne a cikin gwamnati. Ba shi da baitulmali, sai dai ya kai kuka gaban majalisar ƙaramar hukuma, ya bi shugaba yana tuni. Irin wannan ba maƙaryaci ba ne, amma yana da laifi biyu in bai yi hankali ba: ya yi alkawarin abin da ba shi da iko a kansa, sa'an nan da ya gagara ya ɓuya. Ɓuyan nan ya fi kashe amana fiye da gazawar kanta. Mai bashi da ya zo ya ce, "Ban samu ba, ga dalili, ga ranar da zan dawo," har yanzu mutum ne. Wanda ya hango ka ya sake hanya, ya riga ya gaya maka ba zai biya ba. Kansilanmu da ya zo ya tsaya a bakin kwazazzabon nan ya ce ya kai maganar sau kaza an hana, da mun yi fushi, amma da mun bi shi sakatariya mun taya shi roƙo. Wani kuma tun ran da ya buɗe baki ya san ba zai yi ba. Wannan ɓarawo ne, sai dai da harshe ya yi satar.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan'uwa, mu ma sai mu duba kanmu. Wanda ya karɓi taliya da sabulu da 'yan kuɗi ran zaɓe, da wane baki zai je neman kwalbati? Ɗan takara yana ganin ya saya ya biya, ciniki ya ƙare a rumfar zaɓe. Na san yunwa ba ta da kunya, ba na kuwa zagin matar da ta karɓi mudun shinkafa tana da marayu a ɗaki. Amma akwai masu albashi da masu shago a cikin layin karɓa. Akwai kuma wata cutar: mu kan matsa wa ɗan takara sai ya yi mana alkawarin da mu kanmu mun san ba shi yiwuwa. Wanda ya ce zai yi abu ɗaya mu ce ba shi da kuzari, wanda ya ce zai yi goma mu bi shi da tafi. Da hannunmu mu ke koya musu ƙarya, sa'an nan mu yi mamaki da suka iya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin unguwa. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, sau da yawa kuwa jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kome. A Kano, a watan Janairu 2021, APC ta ci shugabancin ƙananan hukumomi 44 duka da kujerun kansila 484. A watan Oktoba 2024, sa'ad da mulkin jihar ke hannun NNPP, ita ma ta ci 44 da 484. Ba Kano kaɗai ba, haka a ke gani a jihohi da yawa, Kudu da Arewa. In haka ne, kansila ya san wanda ya ba shi kujera, ya kuwa san ba mu ba ne. Tsarin mulki ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, an tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi, da aka zo tantancewa a 2018 waɗanda aka tabbatar ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba, magana ta mutu. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ba daidai ba ne gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau. Amma ko kuɗi sun iso sakatariya, ba su san hanyar kwazazzabonmu ba sai wani ya kai su.

To, amana in ta karye, tana ɗoruwa? A nan sai mu rarrabe abu biyu da mu kan haɗa. Mu da a ke koya mana yin gafara tun muna yara, wani lokaci a kan yi amfani da wannan a rufe mana baki. Ɗan siyasa ya dawo bayan shekara huɗu ya durƙusa ya ce a yafe masa, mu kuwa mu ji kamar in ba mu sake zaɓensa ba, ba mu yafe ba. Ba haka ba ne. Gafara ita ce ka fid da ƙiyayya daga zuciyarka, ka daina neman ramuwa, ka gaishe shi, ka je jana'izar gidansu. Wannan kyauta ce, ba sai ya biya kome ba. Amma ma'ajin da kuɗin ƙungiya suka ɓace a hannunsa, a kan yafe masa, ba a kan mayar masa da mabuɗin akwati a wannan rana ba. Kuɗin ba naka kaɗai ba ne, ba ka da ikon yin kyauta da su. Haka ƙuri'a. In ka sake ba wanda bai tuba ba domin kana jin kunyarsa, matar da ta kwana a amalanke ce za ta biya kunyar taka.

Yadda mai bashi ke komo da mutuncinsa a kasuwa kowa ya sani. Ya kan amsa bashin da bakinsa, ba ya cewa laifin wani ne. Ya kan fara biya ko kaɗan kaɗan ne. In ya sake neman kaya, kaɗan a kan ba shi, a ga yadda zai yi, kuma a gaban shaidu. Ban ga dalilin da zai sa a sauƙaƙa wa mai neman kujera fiye da yadda a ke sauƙaƙa wa mai neman buhun gero ba. Mai lamuni kuma hanyarsa ɗaya ce, ya bi bashin da ƙafarsa. Ba a ce dattijo ya sayar da gonarsa ya gina kwalbati ba. Abin da ya bayar ran taro sunansa ne, da sunan nan kuwa zai biya: ya tsaya a gaban mutanen da ya ce su yarda da shi, ya ce shi ya kawo yaron, ya shige gaba a tafi neman hakki, in kuma yaron ya sake fitowa ya faɗa a fili cewa ya janye hannunsa. Jam'iyya ma haka. Jam'iyyar da ta sake ba da tuta ga wanda mazaɓarsa ta yi kuka da shi, ta faɗa wa mutane ke nan cewa tantancewarta ba ta da ma'ana.

Na ce amsar dattijonmu ta dame ni. Ashe shi ma ta dame shi. Bayan 'yan watanni, a wani taron unguwa da aka kira don maganar taki, ya miƙe ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Maganar da na faɗa muku ran nan ba ta isa ba. Ku ba ku san yaron nan ba, ni kuka sani. Ban kuwa bincike shi ba, na duba mahaifinsa ne kawai, wanda abokina ne. Laifin nan nawa ne." Wurin ya yi tsit, gama ba mu saba jin babba ya faɗi haka ba. Daga nan ya ɗauki sandarsa, shi da mutum biyar, suka yi ta zuwa sakatariya. Sau huɗu suna zuwa kafin su ga shugaba.

Da wani zaɓen ya zo, 'yan takara uku suka je gidansa neman ya ɗaga hannunsu, har da tsohon kansilan, wanda ya zo da goro da ban haƙuri. Dattijo ya karɓi gaisuwarsa, ya ce ya yafe masa, ya mayar masa da goronsa. Sauran biyun ya ce musu ba zai ɗaga hannun kowa a ɗaki ba. Aka tara unguwa, aka ce kowannensu ya faɗi abu biyu kaɗai waɗanda kansila ke da ikon bi, ya faɗi lokacin, a rubuta. Aka yi takarda uku, ɗaya a wurin mai unguwa, ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurin dattawan ikilisiya. Aka ƙara sharaɗi ɗaya, cewa wanda ya ci zai zo bayan kowane wata uku ya faɗi inda magana ta tsaya, ko da ba shi da labari mai daɗi, in kuma zai bar jam'iyyarsa ya zo ya faɗa mana kafin mu ji a rediyo. Ɗaya ya ce wannan wulaƙanci ne, ya tafi. Ɗayan ya sa hannu.

Ya zo sau uku, ya tsallake sau ɗaya, aka aika masa, ya zo da ban haƙuri. A zuwansa na biyu ba abin da ya kawo sai kwafin wasiƙar da ya rubuta da amsar da aka ba shi cewa babu kuɗi a wannan zango, waɗansu matasa suka yi masa ihu, dattijo ya tsawata musu. A watan jiya wata babbar mota ta sauke bututun kankare guda takwas a bakin kwazazzabo. Suna nan a jibge, yara suna ɓuya a cikinsu. Ba a kawo yashi ba tukuna, ba a kuwa ga magina ba, ga shi gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Dattijo ya ce ran Litinin za su koma sakatariya, ya kuma ce wannan karon kansila ne zai shige gaba.